Ɗan tsuntsun nan na kan ɗorawa, ɗan gida ne ko ɗan cin rani?

Ɗan Kagoro:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga hoton wani ɗan tsuntsu da na ɗauka a bakin gonar citta, yana kan reshen ɗorawa. Bai kai gwara girma ba. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa fari-fari, akwai kuma farin zane a fiffikensa. Ɗabi'arsa ce ta ja hankalina. Zai zauna shiru, can sai ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya sauka a wani reshen daban, ya ɗaga fiffike ɗaya yana kaɗa wutsiya. Duk damina ban gan shi ba sai yanzu da sanyi ya fara shigowa. Masana, wane ne wannan?

Malam na Laminga:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, hoton ya fito sosai. Wannan maci-ƙuda ne mai baƙi da fari, wanda masana ke rubutawa Ficedula hypoleuca. Ɗan cin rani ne daga Turai. A can yake sheƙa ya yi 'ya'ya, ya iso mana daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya tashi a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Shi ya sa ba ka gan shi da damina ba. Ɗaga fiffike ɗayan nan da ka lura da shi babbar alama ce, ko hoto bai fito ba da ita muke gane shi.

Baban Ummi:
Malam a gafarce ni. Na kwafi sunan nan na saka a Google. Abin da ya fito baƙi ne wuluk a baya, fari fat a ciki, har da ɗigon fari a goshi. Na hoton Ɗan Kagoro kuwa ruwan ƙasa ne. Ko dai idona ne ya fara tsufa?

Malam na Laminga:
Idonka lafiya lau Baban Ummi. Hoton da ka gani namiji ne a lokacin neman aure, kuma masu ɗaukar hoto a Turai shi suka fi so saboda ya fi kyau. Da zarar ya gama rainon 'ya'ya, tun yana can, sai ya zubar da wancan gashin ya fito da ruwan ƙasa irin na tamatar. A haka yake zuwa mana. Sai wajen Fabrairu zuwa Maris yake sake yin sabon gashi a nan ƙasarmu, baƙin ya dawo, ɗigon goshin ya fito, sannan ya kama hanya. Wato baƙi da farin da Turawa ke yabawa, da ƙwarin dajinmu aka yi shi. Duk wanda ya sa ido a ƙarshen Maris zai iya ganin namiji ya gama shiri, ko kuma yana tsaka da sauyawa, dabbare-dabbare.

Maman Sadiq:
To Malam, na hoton mace ce ke nan ko namiji? Ina so in nuna wa ɗalibaina gobe, kada yara su ƙure ni.

Malam na Laminga:
Malama, a wannan watan ba na yanke hukunci da hoto ɗaya. Idan wutsiyar da gashin da ke rufe gindinta baƙi ne sosai, an fi kyautata zaton namiji ne. Reshe ya rufe wutsiyar a hoton nan. Ki ce musu a lokacin sanyi macen da namijin kusan kama ɗaya suke, wannan ma darasi ne.

Bakano a Holan:
Salam. Ina ƙara wa Malam ƙarfi da abin da nake gani a nan. A dazuzzukan ƙasar nan an kafe ƙananan akwatunan katako a jikin bishiyoyi, kowanne da 'yar ƙofa zagayayya, tsuntsun nan yana son su ƙwarai, don asali a kogon itace yake sheƙa. Ƙwai biyar zuwa bakwai macen take yi, shuɗi-shuɗi mai haske, ta kwanta a kai kamar mako biyu, 'ya'yan su yi wani mako biyu da 'yan kwanaki su tashi. Abin da zai ƙara rikita Baban Ummi shi ne ko a nan ɗin ba kowane namiji ne ke yin baƙi ba. A Holan da Jamus da yawa daga cikin mazan ruwan ƙasa suke zama ko a tsakiyar lokacin aure, sai ka matsa arewa wajen Nowe da Suwidin ko ka tsallaka Birtaniya baƙaƙen suke yawa. Tun 1936 wani Bajamushe mai suna Rudolf Drost ya kasa launin mazan gida bakwai, daga baƙi wuluk zuwa wanda ba ka bambance shi da mace, kuma har yau da wannan ma'aunin ake aiki.

Wani abin dariya kuma, namijin yakan ajiye mace a wannan akwati, tana kwanciyar ƙwai sai ya sulale can nesa ya kama wani akwatin yana rera waƙa, ya samo ta biyu. Idan 'ya'ya suka fito yakan koma wajen uwargida, amarya ta yi ta fama kusan ita kaɗai.

Hajiya Mai Lambu:
Kai jama'a! Ashe abin har a dawa. Allah ya isar wa amarya.

Baban Ummi:
Hajiya kada a kawo mana rigimar gida cikin maganar tsuntsu, haha. Malam na karɓi maganar launi. Amma zuwa daga Turai ɗin nan ne bai zauna mini ba. Nawa ne nauyin abin nan gaba ɗaya?

Malam na Laminga:
Tsawonsa santimita 12 zuwa 13. Nauyinsa wajen giram 12, wato sukarin shayi ƙwaya uku.

Baban Ummi:
To ka ji fa. Giram 12 ne zai ƙetare teku ya ƙetare Sahara? Wa ya bi shi ya gani? Ba mamaki namu ne na nan, da damina ya shige kurmin kudu, da rani ya fito, aka ga mai kama da shi a Turai aka ce shi ne.

Malam na Laminga:
Tambaya ce mai kyau, kuma Turawan da kansu sun daɗe cikin irin wannan shakka. Akwai lokacin da malamansu ke cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take shigewa ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu ɗan uwan shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan, har yau gawarsa tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Shi wannan maci-ƙudan, saboda yana shiga akwati, kama shi ba wuya, an sa wa ɗimbinsu zobe, ana kuma tsintar masu zoben a kan hanya da nan Afirka ta Yamma.

Yanzu ma an wuce zobe. Akwai wata 'yar na'ura da nauyinta bai wuce rabin giram ba, ana goya masa a baya. Aikinta kawai ta riƙa rubuta hasken rana. Daga lokacin fitowar rana da faɗuwarta ana lissafa inda tsuntsun yake a kowace rana. Idan ya koma akwatinsa baɗi sai a cire a karanta. To da wannan aka bi shi, Baban Ummi. Sannan hujja mafi sauƙi: ba wanda ya taɓa samun sheƙarsa a Najeriya, kudu ko arewa.

Maman Sadiq:
Ta ina yake bi? Ta Libiya?

Malam na Laminga:
Da kaka ba ta nan mafi yawansu ke bi ba. Inda yake haihuwa yana da faɗi, daga Sifen da Birtaniya har yammacin Saiberiya cikin Rasha. Amma idan za su taho sai su karkata yamma, hatta na gabas ɗin, su taru a Fotugal da Sifen cikin Satumba. A nan suke tsayawa su ci ƙwari da 'ya'yan itace su tara kitse, wani yakan ƙaru da kusan rabin nauyinsa. Kitsen nan shi ne guzurinsa. Daga nan su bi ta gefen Maroko da Muritaniya su faɗo. Masana a Holan, Ouwehand da Both, sun wallafa a 2016 cewa na'urorin sun nuna tsuntsun yana tashi sa'a 40 zuwa 60 ba sauka lokacin ƙetare hamada, dare da rana.

Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba amma na yi shekaru ina jan babbar mota daga Agadas zuwa Dirku. Malam, wannan magana ta ba sauka ban yarda da ita ba. Lokacin kaka idan muka tsaya cikin hamadar Tenere da rana, ƙananan tsuntsaye kan zo su shige ƙarƙashin mota suna neman inuwa, baki buɗe, wani ka sa hannu ka ɗauka ba ya motsi. Mukan zuba musu ruwa a murfin jarka. Wasu da magariba su tashi, wasu nan suke mutuwa. In ba sa sauka, waɗannan daga ina suka fito?

Malam na Laminga:
Baba, ranka ya daɗe, abin da ka gani gaskiya ne, kuma kan wannan batun masana suka yi shekaru suna jayayya. Wasu suka ce tashi ɗaya ake yi, wasu suka ce da dare ake tafiya a huta da rana. Masu bincike daga Suwizalan sun kafa na'urar hango jirage a hamadar Muritaniya a farkon shekarun 2000, suka ga yawancin ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, gari na wayewa su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi. Wannan ya yi daidai da shaidarka. Amma shi maci-ƙudan nan, na'urar da ke bayansa ta nuna yana zarcewa har cikin rana. Ba dabara ɗaya kowane iri ke bi ba, iska ma tana da nata hukuncin. Wanda ya samu iska a bayansa ya wuce, wanda ta tare shi ya sauka.

Tsohon Direba:
To na ji. Amma ni dai na ga masu farin zane a fiffike cikin waɗanda ke sauka. Na'ura ta faɗi nata, ni ma na faɗi nawa.

Bakano a Holan:
Baba yana da hujja fa. Na'urar sai tsuntsu ya koma gida da rai ake karanta ta. Wanda ya faɗi a Tenere ba ya cikin lissafi.

Ɗan Damagaram:
Malam, mu nan Zinder muna ganin mai kama da shi amma kwana kaɗan, wajen ƙarshen damana, sai ya ɓace. Kuma namu ƙirjinsa da zane-zane, babu farin nan a fiffike.

Malam na Laminga:
Wannan ɗan uwansa ne, Muscicapa striata. Ya ɗan fi shi girma, toka-toka ne, da siraran zane a ƙirji da goshi, mace da namiji duk ɗaya. Ka lura da zamansa: yakan miƙe tsaye a kan busasshen reshe ko waya, ya tashi ya cafko ƙwaro ya dawo daidai inda ya tashi. Na Ɗan Kagoro ba kasafai yake komawa reshe ɗaya ba, kuma yana yawan dirowa ƙasa ya tsinci tururuwa. Shi mai zanen wucewa yake yi ta wajenku, da yawansu sai sun dangana da kudancin Afirka.

Mai baƙi da farin ma ratsa ku kawai yake yi. Sahel ta yi masa bushewa da rani. Mazauninsa shi ne dajin da ke tsakanin Sahel da kurmi, inda ake da doka da maje da ɗorawa da kaɗanya, da bishiyoyin bakin rafi: daga Gini, arewacin Kwaddibuwa, Gana, tsakiyar Najeriya, har Kamaru da Afirka ta Tsakiya. A nan Jos muna ganin sa a dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001. Na Birtaniya da aka bi da na'ura, wajen Laberiya da kudancin Gini suka sauka.

Ɗan Zongon Tamale:
Gaskiya ne, muna da shi a nan Gana. Ni a dajin Mole na fara ganin sa. Wani mai gadin daji ya ce min tsuntsun yana kama wuri ɗaya ya hana 'yan uwansa shiga. Haka ne?

Malam na Laminga:
Haka ne. An yi wannan binciken a dajin Komowe na Kwaddibuwa. Kowane ɗaya, mace ko namiji, yana riƙe 'yan bishiyoyinsa yana korar na kusa, kuma an ga masu zobe sun dawo wuri ɗaya a shekara ta gaba. Ka duba, tafiyar kilomita wajen 5,000, ya dawo kan bishiyoyin bara.

Hajiya Mai Lambu:
Ikon Allah. Ni kuma wanda ke zuwa lambuna da damina fa? Ja ne, kansa baƙi da ɗan tukku, wutsiya doguwa tana jan iska, idonsa da zagayen shuɗi. Shi ma Bature ne?

Malam na Laminga:
A'a Hajiya, wannan ɗan Afirka ne, Terpsiphone viridis. Ƙaurarsa cikin nahiyar nan take, yana biyo ruwa zuwa arewa ya yi sheƙa, rani ya yi ya koma kudu, yadda shamuwa ke yi. Akwai mazan da fari ne a madadin ja. Yana fita, na Ɗan Kagoro yana shigowa.

Maman Sadiq:
Ni lissafi na yi. Oktoba zuwa Maris wata shida ke nan a wajenmu. A can kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa Agusta, wata huɗu ko ƙasa da haka, sauran a hanya. To da wane dalili ake kiran sa na Turai? Wanda ya fi daɗewa a gidanka ai naka ne.

Baban Ummi:
Malama, inda aka binne cibiya nan ne gida. Ɗan cin rani ko ya shekara a Legas, ɗan ƙauyensu ne.

Maman Sadiq:
Ban ƙi ba. Amma abin da nake nufi, idan ya ragu kowa sai ya ce matsalar Turawa ce, alhali rabin rayuwarsa a hannunmu take.

Bakano a Holan:
Kuma yana raguwa a wasu wuraren. A 2006 Christiaan Both da abokan aikinsa sun nuna cewa a wasu dazuzzukan Holan ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara ashirin. Dalilin da suka gano shi ne bazarar Turai tana saurin shigowa saboda ɗumamar yanayi. Tsutsar ganye da yake ciyar da 'ya'yansa da ita tana yawaita da wuri, ta wuce kafin 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Shi kuma yana Kagoro, ba shi da labarin ganye ya tsiro a Holan. Inda tsutsar ke makara, raguwar ba ta kai haka ba. Ga kuma wani tsuntsu ɗan gida mai baƙar hula da rawayan ciki, wanda ba ya ƙaura, ya fi shi ƙarfi. Kafin baƙo ya iso ya riga ya kama akwati, idan maci-ƙuda ya leƙa ciki yakan sha sara a ka, ana samun gawar mazan a cikin akwatunan.

Abba Gawayi:
Ku yi haƙuri in faɗi gaskiya. Mutane na fama da tsadar abinci da masu garkuwa, ku kuna nan kuna jimamin tsuntsu mai giram 12. Na san inda maganar za ta ƙare, a ce masu gawayi ne suka sare daji. Ku saukar da kuɗin gas tukuna. Matar da ke dafa wa yara takwas abinci da me za ta dafa?

Malam na Laminga:
Abba ba wanda ya zage ka, kuma maganar gas gaskiya ce. Amma tsuntsun da ke komawa bishiyoyin bara, in ya zo ya tarar da fili, dole ya shiga neman wani wurin da wataƙila yana da mai shi. Abin da ke faruwa a nan yana bayyana a can. Lokacin farin da ya fara a 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cin rani a Sahel, a bazarar 1969 kusan kashi biyu cikin uku ba su koma Birtaniya ba. Farin da ya kashe mana shanu shi ya kashe su. Ni roƙona ɗaya ne: ɗorawa da kaɗanya a bar su. Daddawa da man kaɗe sun fi buhun gawayi kawo kuɗi in aka yi lissafin shekaru.

Abba Gawayi:
Mai gona ne ke sayar mana da itacen, ba sata muke yi ba. Kuma kirya muka fi nema, ita ce gawayinta ke daɗewa. A je a yi wa mai gona wa'azi.

Hajiya Mai Lambu:
To ai ana dashe. Unguwarmu kaf darbejiya ce da turare, kore shar ko da rani.

Malam na Laminga:
Hajiya, darbejiya inuwa ce ga mutum, amma ga maci-ƙwaro kusan fanko ce. Daga Indiya aka kawo ta, ɗacinta yana korar ƙwari, shi ya sa ma ake zuba ganyenta a rumbu. Turare kuma daga Ostareliya. Leo Zwarts da abokansa sun bi Sahel daga Senigal zuwa gabas suna ƙirga tsuntsaye bishiya bishiya, suka tarar baƙin nan sun fi taruwa a kan masu ƙaya irin su gawo da aduwa, darbejiya da turare kuwa kusan ba kowa. Gawo ya fi duka, domin da rani yake ganye da fure, daidai lokacin da baƙin ke nan.

Ɗan Damagaram:
Wannan mu shaida ne. Wajen Matamaye da Magarya manoma sun bar gawo yana tsirowa cikin gona, ba dashe ba, sassabe ne kawai ba a yi masa. Gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, awaki na cin 'ya'yan.

Hajiya Mai Lambu:
Ni na taɓa shuka irin gawo a leda bai fito ba. Darbejiya kuwa ko ba ka so sai ta tsiro.

Tsohon Direba:
Hajiya ƙwayar tana da tauri. Ki je turken awakin da ke cin 'ya'yan gawo ki tsinci wadda ta fito cikin kashinsu, ita ce ke saurin tsira. In babu, ki ɗan kankare bayan ƙwayar da wuƙa ki jiƙa ta kwana. Kuma kada ta daɗe a leda, saiwarta ƙasa take nufa, in ta naɗe ba ta yin kirki.

Hajiya Mai Lambu:
Na gode Baba. Akwai mai awaki a bayan layinmu, zan aika yara da safe.